Yayana da Injin da Ba Ya Ciniki

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, don wanda zan ba ku labarinsa da idona na ga an fita da shi a makara. Ni ban shiga lekol ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba. Ina faɗa ne jikata tana rubutawa, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara mini baki, ko da maganar ta biyo ta kanta.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne na fari, ni ce auta. Ya rasu a Kore Mairuwa bayan an gama yankan gero, a gidan da aka yanke masa cibiya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar zaman makoki motocin Yamai suka cika ƙofar gida, har masu amalanke suka rasa hanyar kasuwa. Maza masu tabarau, mata masu jakar hannu, duk suka tuɓe takalma suka zauna a kan tabarmina. Mutanen gari kuwa sai raɗe-raɗe suke yi. Sun san shi yaro, sun san shi tsoho, amma tsakiyar rayuwarsa ba su san ta ba. Maƙwabciyata ta ce ai likita ne. Wata ta ce a'a, ita ta ji an ce gadin wani inji yake yi. Sai ɗiyar kawunmu, tsohuwar da ta zo daga Lugu, ta gyara zama ta ce, "Ni na san aikinsa. Ɗaki mai sanyi, ba kowa ciki, ana jin gunji ba dare ba rana, mutane suna kawo buƙata suna jiran a amsa masu. Mi ke nan in ba doguwa ba, aljanar 'yan bori?"

Ɗana, mai shago a Dogon Dutsi, ya shigo gaishe mu daidai lokacin. Shi ba ya son irin wannan zance ko kaɗan. Ya ce, "A'uzubillahi! Inna, inji ne, ƙarfe ne da waya."

Ta ce, "Kai ka taɓa shiga?"

Shi kuwa bai taɓa shiga ba.

Daga baya mataimakin yayana a wurin aiki ya iso. Kirista ne, ɗan Dogon Dutsi, gemunsa har ya fara furfura. Ya durƙusa gabana zai yi mini gaisuwa, kuka ya ƙwace masa. Sai ni na koma ina ba shi haƙuri.

A nan na ga in na yi shiru, yaran gidan nan za su tashi suna cewa kakansu mai gadi ne, ko kuwa ɗan bori. Ni kuwa na shiga ɗakin nan da ƙafata. To, ku saurara.

Mu gidan 'yan kasuwa ne. Babanmu awaki yake saye da sayarwa, innarmu tabarmi da faifai, kuma sana'arta na gada. A gidanmu yaro yana koyon ciniki kafin ya koyi ɗaura wando. Yayana kaɗai ya fita zakka. In aka aike shi kasuwa da akuya, mai saye ya ce nawa, sai ya faɗi daidai abin da Baba yake fatan samu. Mai saye ya miƙa, shi ya karɓa, ya dawo gida rana ba ta yi zafi ba. Baba ya riƙe kai ya ce, "Ba ka yi asara ba, amma ka kunyata ni. Ba albarka, ba a ƙara, ba a rage? Kasuwa ce ko masallaci?" Shi ya sa da manzon mai gari ya zo neman yaro ɗaya daga kowane gida don lekol, sauran iyaye suna ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu, Baba ya kamo hannun yayana ya miƙa, ko tunani bai yi ba.

Haka ya tafi. Dogon Dutsi, Yamai, har ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Amma duk hutu yana gida. Da bazara, ana zafin da kaza ke buɗe baki, sai ka gan shi ya sauko daga mota da rigar sanyi a kafaɗa, ya manta bai ajiye ta a biro ba, ofishinsa mai sanyi. In an kawo tuwo, kaɗan yake ɗiba, ya cinye, ya dakata, sannan ya ƙara in akwai wuri. Maganarsa ɗaya ce ga kowa. Ka ce rumbunka zai kai ka damina, ya ce, "Ka auna?" Ka ce ruwan jiya ya isa shuka, ya ce, "Ka tona ka gani?" Har yara suka riƙa tsokanarsa da ita, shi kuwa sai dariya.

Aikinsa ga yadda yake. Akwai wata cibiya a Yamai inda masana ke binciken ruwan sama da amfanin gona. Suna da babban injin lissafi, ordinata suke ce masa, amma ba irin ƙaramin da yara ke sawa a jaka ba. Injuna ne masu yawa aka haɗa suka zama ɗaya, a jere cikin akwatunan ƙarfe da suka fi mutum tsayi. Malamai da ɗalibai duk shi suke amfani da shi. Ba ka zuwa ka taɓa shi. Daga inda kake zaune kake aika masa aikinka, ka faɗi injuna nawa kake so, wane iri, kuma tsawon wane lokaci. Sai ka zaɓi layin da za ka shiga. Akwai layin gajerun ayyuka, mai tafiya da sauri. Akwai na dogaye. Akwai kuma na wasu 'yan injuna masu ƙarfi, ba su da yawa, kowa yana kwaɗayinsu. In ka nemi da yawa, sai ka jira har wuri mai yawa ya samu a lokaci guda. In kuma ka faɗi lokaci kaɗan, ya cika aikinka bai ƙare ba, injin ya datse shi, ka koma farko. Yayana shi ke riƙe da ƙa'idar layukan nan. Kuma a hannunsa ikon yake, in ya so, ya ɗaga wani ya sa shi gaba.

Yanzu ga jikata, ɗiyar ɗana mai shago, wannan da ke riƙe da alƙalami tana sunkuyar da kai. A hannuna ta tashi, a gefen tabarmina a kasuwa. Ni na koya mata cewa ba a fara ciniki da abin da ake so. A hau sama, mai saye ya jawo ki ƙasa, ku haɗu a tsakiya, kowa ya tafi da mutuncinsa. Ta iya har ta fi ni. Dillalai in sun gan ta sai su ce, a kira tsohuwar, ita ta fi sauƙi.

Ta yi karatu har jami'a. Bincikenta a kan ruwan farko ne, wanda ke ruɗin manomi ya zuba iri, sannan sama ta ɗauke, iri ya ƙone. Tana so ta gane yaushe damina ke zama da gaske a ƙasar Arewa. Lissafin ya fi ƙarfin ƙaramin injinta, sai an kai shi babban. Ubanta kuwa ya riga ya yanke magana. Ya buɗe shago na biyu, ba shi da amintacce, ya ce wannan shekara ita ce ta ƙarshe: in ba ta gama ba kafin damina, ta dawo ta riƙe masa shago. Ɗana ba ya magana biyu. Malaman da za su saurari aikinta kuma sau ɗaya suke zama a shekara.

Sai ga wayarta, tana kuka. Aikinta ya yi makonni a layi bai motsa ba, waɗanda suka zo bayanta sun gama, ranar zaman malamai ta matso, kuma Tsoho ya ƙi taimakonta. Tsoho take ce masa, shi kuma amaryata, irin wasan jika da kaka.

Na naɗe tabarmina, na shiga mota sai Yamai.

Da ya gan ni a ƙofar biro ya miƙe ya ce, "Auta! Lahiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu, Yaya. Zumunci ne ba shi da lahiya, na zo dubiya."

Ya aika aka kira jikata. Tana shigowa ya ce, "Amaryata, har da ɗauko mini alƙali daga ƙauye?"

Ta ce, "Wa ce amaryarka? Na bar gidanka tun makon jiya. Tsohon da makulli ke aljihunsa, matarsa tana tsaye a rana."

Ya ce, "To zauna, faɗa mini gaban alƙali. Mi kika nema wurin injin?"

Ta ce ta nemi injunan nan masu ƙarfi duka, a layin dogayen ayyuka, iyakar lokacin da ake bayarwa.

"Aikinki yana cin haka?"

"Ban sani ba. Na hau sama ne don a rage mini."

"Wa zai rage miki?"

"Injin mana. Ko kai."

Ya ce, "Ba na aika miki na ce ki rage ba?"

Ta ce, "Ai na rage! Kullum ina ragewa kaɗan-kaɗan. In janye shi, in sauko da ɗan abu, in mayar. Ina jira a ce mini nawa za a ba ni, ba wanda ya taya."

Yayana ya cire tabarau ya ajiye. Ya yi dariya har sai da ya share ido da hannun riga. Ya ce duk wanda ya janye aikinsa ya sake turawa, ƙarshen layi yake komawa, jiran da ya yi a baya ya tashi a banza. Makonnin nan duka ita ke mayar da kanta baya da hannunta. Ya dube ni ya ce, "Auta, wannan aikinki ne."

Na ce, "Tarbiyya ce mai kyau. Ba a taɓa cutar ta a kasuwa ba, kai kuwa har yara sun cuce ka."

Muka yi dariya mu uku. Sannan na ce, "To, an yi kuskure, an gane. Yanzu ɗaga ta ka sa ta gaba."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "A'a."

"Ka san halin ubanta."

"Na sani."

"Jininka ce, Yaya."

Ya kama hannuna ya fito da ni baranda, inda ɗalibai ke zaune da injunansu a cinya. Ya nuna wani siririn saurayi ya ce, "Wancan daga Sukukutane yake. Shi ma malamansa ranar za su zauna. Duk wanda kike gani nan yana da kakar da za ta iya shigowa mota ta zo. Bambancin kawai, kakanninsu ba ƙannena ba ne."

Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Baba ya san abin da ya gani da ya miƙa ka lekol." Ya buɗe wata ƙofa mai nauyi ya ce in shiga in gani, tunda na zo. Sanyi ya buge ni har ƙashi. Akwatuna baƙaƙe a jere, 'yan fitilu kore suna ƙyafta ido, ga gunji kamar iska a cikin karan dawa. Ya ɗora mini rigar sanyinsa a kafaɗa. Na cire na miƙa masa. Ranar ban sauka gidansa ba, ɗakin jikata na tafi, abincin da matarsa ta aiko kuma na mayar da shi a rufe.

Amma kafin mu fita ya ce wa yarinyar, "Je ki auna. Ɗauki gari ɗaya, shekara ɗaya, ki sa a layin gajeru, ki ga abin da zai ci."

Ta yi. Kafin la'asar ya fito. Sai ga shi aikin ba ya ma buƙatar injunan nan da kowa ke rububi, na gama-gari sun ishe shi. Kuma ana iya yanyanka shi gari-gari, kowane yanki ya shiga duk inda ɗan wuri ya samu. Saura abu ɗaya: tsawon lokacin da za ta faɗa. Kwanakin da suka rage ba za su ɗauki gwaji biyu ba. In ta faɗi kaɗan, a datse. In ta faɗi da yawa, ta jira har malamai su tashi.

Washegari muka koma. Ta ce, "Tsoho, nawa zan sa?"

Ya ce, "Ke kika auna. Ke za ki faɗa."

"Don Allah, Kaka." Ranar ta kira shi Kaka.

Ya ce, "In na faɗa miki yau, gobe da ba ni nan wa za ki tambaya?"

Ta juyo ta dube ni. Ni da ban san ko ɗaya daga abin da ke rubuce a gilashin nan ba. Na ce, "Faɗi kuɗin da za ki faɗa wa uwar da ta haife ki." Ta sa abin da ta auna, ta ɗora ɗan kaɗan saboda tsaro, ta tura.

Sai dai layin bai tafi ba. Yini guda muna zaune a baranda, ni da ita da saurayin Sukukutane da sauran, ba abin da ya motsa sai kaɗan. Mataimakin yayana, wannan ɗan Dogon Dutsi, ya kawo mini ruwa ya bayyana mini dalili. Wani babban aiki ne lokacinsa ya kusa, injin yana tara masa wuri. Duk injin da ya gama abin da ke kansa, sai a riƙe shi, ba a ba kowa in ba mai ɗan gajeren aiki ba, har su taru su ishi babban. Na ce aikin wa? Ya ce shi ba ya faɗin aikin mutane.

Da safe muna isowa muka tarar baranda ta rikice da murna. Layi ya ɓalle. Na saurayin Sukukutane ya fara shiga, don ya riga jikata. Sai na wata, sai na wani. Can da hantsi na jikata ya shiga, a daidai wurinsa, ba a tsallake kowa ba.

Mataimakin ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce, "Inna, babban aikin nan na Shef ne, yayanki. Duk hutun da kike ganin yana yawo ƙauyuka, tsofaffin awon ruwan sama yake tarawa, na ƙasar Arewa duka. Yana so ya haɗa su lissafi guda kafin ya ajiye aiki. Tun bara yake layi kamar kowa. Jiya bayan kun tafi ya janye shi."

Na ce, "Sai ya mayar daga baya."

Ya ce, "Ƙarshen layi zai koma. Ƙarshen shekarar nan kuma zai ajiye aiki, ba zai kai ba. Ƙa'ida ta hana shi ɗaga kowa, Inna, amma ba ta hana shi sauke kansa ba. Kada ki ce ni na faɗa miki."

Da azahar na tafi gidansa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwo. Ya shigo ya same ni ina ci. Ya ce, "Auta, an sauko?"

Na ce, "Yunwa ce."

Ya ce, "To, Allah ya ƙara yunwa."

Ya wanke hannu ya zauna. Ba mu yi zancen ba ranar, ba mu kuma taɓa yin sa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yankunan aikin jikata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya ƙare saura ƙiris lokacin da ta faɗa ya cika. Ta tsaya gaban malamai ranar da suka sa. Ubanta ya rufe shago ya zo, ya zauna a gaba, ba ya jin Faransanci sai na lissafin kaya, amma duk sanda ta yi shiru sai ya gyaɗa kai kamar shi ya koya mata. Yayana yana can baya, kusa da ƙofa.

Da ya ajiye aiki ya dawo Kore Mairuwa. Ya kafa wani gwangwanin awon ruwa a tsakar gida, ya hana awaki da jikoki kusantarsa. Ranar kasuwa yakan zo ya zauna gefena, ya ɓata mini ciniki, mai saye na tambaya shi yana faɗin gaskiyar kuɗi, har sai na kore shi. Ciwonsa bai daɗe ba. Ya kwanta ana yankan gero, ba a gama ɗaura dammuna ba ya cika.

Ga inda kowa ya kwana. Matarsa tana nan tare da ni, muna tsufa a inuwa ɗaya. Ɗana ya sa ƙanin matarsa a shago na biyu, kuma duk mai sayen sukari sai ya ji labarin ɗiyarsa. Saurayin Sukukutane an ce yana koyarwa a Doso. Mataimakin shi ke riƙe da makullin ɗakin sanyi yanzu. Jikata kuwa cibiyar ta ɗauke ta aiki, kuma ita ake turo wa sababbin ɗalibai ta koya masu yadda ake neman wuri. Ni ina nan kasuwa, ina hawa sama ana jawo ni ƙasa, don mutum nake ciniki da shi, ba ƙarfe ba.

Babban lissafin nan da yayana ya janye, jikata ta karɓe shi. Bayan an share makoki ta auna shi yadda ya kamata, ta tura da sunanta. Mataimakin ya same ta ya ce manyan cibiya sun yarda, saboda girman mamaci, a ɗaga shi a sa shi gaba da kowa. Ta yi godiya, ta ce a bar shi inda yake.

Yanzu haka da nake maku magana yana layi. Na tambaye ta ɗazu ko ya kusa. Ta ce akwai mutane gabansa.